Yaƙi ta 'yar taga: Littattafan sojojin tankokin yaƙi

Fiye da shekaru ɗari ke nan tun da tankar yaƙi ta fara shiga fagen daga, kuma a tsawon wannan lokaci an wallafa littattafai masu ɗimbin yawa a kan mutanen da ake rufewa a cikinta.

Wasu tsofaffin sojoji ne suka rubuta su bayan sun tuɓe kaki, wasu 'yan jarida ne da masana tarihi, wasu kuma ƙagaggun labarai ne da aka gina a kan abin da ya faru.

Dukkansu suna fama da matsala guda. Sojan da ke cikin tanka ba ya ganin yaƙin da yake yi, sai ɗan abin da 'yar tagar da ke gabansa ko madubin leƙe ya nuna masa, shi ma ɗin cikin ƙura da hayaƙi.

Saboda haka shaidarsa takan zo da ƙarfi a kan zafi da tsoro da ƙishirwa da halin abokan zamansa, amma takan yi rauni a kan manyan tambayoyi: wa ya yi galaba, tankoki nawa aka lalata, kuma wa harsashin ya samu.

A nan ne aka fi samun ƙarin gishiri. Wasu daga cikin littattafan da suka fi kasuwa sun shafe shekaru suna koya wa jama'a tarihin da takardun soja suka zo suka ƙaryata daga baya.

Akwatin ƙarfe

Sojojin Birtaniya ne suka fara amfani da tanka a ranar 15 ga watan Satumba na 1916, a yankin kogin Somme da ke arewacin Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sunan ma kansa yaudara ce. An ce wa ma'aikata tankunan ruwa ake ƙerawa domin kada asiri ya tonu ga Jamusawa, sai sunan ya bi ta har yau.

Tankokin farko suna ɗaukar mutum takwas, kuma inji yana ɗaki ɗaya da su. Zafi da hayaƙi kan sumar da wasu kafin a kai ga abokan gaba, sannan idan ana son aika saƙo baya, sau da yawa tattabara ake saki.

Ya zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, akasarin tankoki sun koma ɗaukar mutum huɗu ko biyar: kwamanda, da mai saita igwa, da mai ɗura harsashi, da direba, da mataimakinsa wanda ke riƙe da mashinga, a wasu ƙasashen kuma shi ke kula da rediyo.

Wannan ƙaramin adadi shi ne ya sa marubuta ke son tanka. Mutum biyar ne da ke ci tare, su kwana tare, kuma kuskuren ɗaya yana iya ƙone sauran. Kwamanda ne ya fi shiga haɗari, domin idan yana son ganin abin da ke kewaye da shi dole ya fito da kansa waje.

Shahararren littafin yaƙin farko, wanda Bajamushe Erich Maria Remarque ya wallafa a 1929 aka fassara shi da suna All Quiet on the Western Front, labarin sojan ƙasa ne a cikin rami. Tankoki suna bayyana ne gab da ƙarshensa, kuma daga gabansu ake kallonsu, ta idon wanda suke shirin takewa. 'Yan Nazi sun ƙona littafin a bainar jama'a a 1933.

Hamadar Masar da Libiya

Masu nazarin adabi da dama suna sanya Alamein to Zem Zem na Keith Douglas a sahun gaba na abin da wani sojan tanka ya taɓa rubutawa da Ingilishi.

Zem Zem ɗin da ke cikin sunan ba rijiyar Zamzam ta Makka ba ce, wani kwari ne a Libiya, inda nakiya ta raunata marubucin a watan Janairun 1943.

Douglas ɗalibi ne a jami'ar Oxford, kuma mawaƙi, kafin ya shiga soja. Lokacin da aka fara gwabza yaƙin El Alamein a Masar a watan Oktoban 1942, yana aikin ofis ne a bayan daga. Sai ya ɗauki mota ba tare da izini ba ya tafi wurin rundunarsa, abin da zai iya kai shi gaban kotun soja. Da yake an riga an yi asarar hafsoshi da yawa, kwamandansa ya karɓe shi ya ba shi tankoki.

Rundunar tasa, Sherwood Rangers, asalinta ta barade ce, kuma da dawakinsu suka isa Falasɗinu a 1940 kafin a sauya musu da tankoki. Douglas ya bayyana yadda manyan hafsoshinta, 'ya'yan masu gonaki da dukiya, ke ba da umarni ta rediyo da kalmomin sukuwa da na wasan kurket, alhali mutane na ƙonewa. Yana yi musu dariya, yana kuma jinjina wa ƙarfin halinsu, bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba.

Ba ya ɓoye abin da sojoji kan ɓoye: yadda suke wawashe abinci da kayan da Jamusawa da Italiyawa suka gudu suka bari, da yadda ido ke sabawa da gawa. An kashe shi a Nomandi ranar 9 ga watan Yunin 1944 yana da shekaru 24, littafin kuma ya fito a 1946.

Robert Crisp, ɗan Afirka ta Kudu wanda ya taɓa buga wa ƙasarsa wasan kurket, ya wallafa Brazen Chariots a 1959. Makonni kusan huɗu kacal ya ba da labarinsu, na farmakin da Birtaniya ta kai a ƙarshen 1941 domin ceto garin Tobruk. A cikinsu an harbe tankoki da dama da yake ciki, kafin daga bisani a raunata shi a ka.

Abin da ya fi fitowa fili a littafinsa shi ne ruɗani. Kwanaki sukan wuce bai san inda sauran runduna take ba, kuma ba ya iya tantance ko ƙurar da ya hango ta abokai ce ko ta abokan gaba.

Shayi ma yana da babban matsayi a waɗannan littattafai. Sojojin kan zuba fetur a gwangwanin da aka cika da yashi su dafa shi a gefen tanka, wani lokaci a kashe su a wurin. Tun daga ƙarshen yaƙin, tankokin Birtaniya suna zuwa da tukunyar dafa ruwa ta lantarki a cikinsu.

An daɗe ana kwatanta yaƙin hamada da cewa yaƙi ne na mutunci tsakanin sojoji zalla, kamar babu kowa a ƙasar. Mutanen wurin ba su cika fitowa a littattafan ba, sai dai a matsayin masu sayar da ƙwai. Amma miliyoyin nakiyoyin da ɓangarorin biyu suka binne a kewayen El Alamein sun ci gaba da kashe makiyayan Masar da raunata su shekaru da dama bayan an tashi daga yaƙin.

Gardama kan Sherman

Amurka ta ƙera tankar Sherman sama da 49,000, kuma babu wata tanka da aka fi gardama a kanta.

A 1998 Belton Cooper ya wallafa Death Traps, wato tarkunan mutuwa, inda ya ce an tura samarin Amurka da tankar da ba ta kai ta Jamus ba, mai saurin kamawa da wuta. Ya kuma ɗora wa Janar George Patton alhakin jinkirta zuwan wata sabuwar tanka mai ƙarfi da ake kira Pershing.

Littafin ya yi tasiri ƙwarai, har a kan fim ɗin Fury na 2014.

To sai dai Cooper ba a cikin tanka ya yi yaƙi ba. Ƙaramin hafsa ne a sashen gyara, kuma aikinsa shi ne bin sawun daga yana tattara tankokin da aka harbe. Bayanin da ya yi na yadda kanikawa ke kwashe ragowar gawarwaki, su wanke jini, su sake fenti kafin a miƙa tankar ga sababbin mutane, shaida ce ta wanda ya gani da idonsa, kuma tana da wuyar mantawa.

Amma wanda kullum matattun tankoki yake gani, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka duka haka suke ƙarewa.

Masana tarihin makamai, ciki har da Steven Zaloga, sun nuna cewa babu wata hujja da ke tabbatar da zargin da ya yi wa Patton. Sun kuma nuna cewa harsasan da aka jibge a gefen tankar ne suka fi haddasa gobara, ba fetur ba, kuma da aka sauya musu ma'aji a 1944 gobarar ta ragu sosai. Takardun rundunonin sun nuna cewa akasarin waɗanda aka harbi tankarsu sukan fita da rai.

Waɗanda suka zauna cikin Sherman ɗin sun bar nasu littattafan. Ken Tout ya wallafa Tank! a 1985, kuma sa'o'i 40 kawai na watan Agustan 1944 ya bi daki-daki. Stuart Hills, wanda ya fito da By Tank into Normandy a 2002, ya fara yaƙinsa ne da nutsewa: tankarsa mai iyo ta nutse a teku ranar 6 ga watan Yunin 1944 kafin ta kai gaɓa.

Janar-janar sun wanke kansu

Inda matsalar ta fi muni shi ne a littattafan Jamusawa.

Janar Heinz Guderian, wanda tun a 1937 ya rubuta littafi kan yadda za a tara tankoki wuri guda a fasa sahun abokan gaba, ya wallafa tarihin aikinsa a 1951. Fassarar Ingilishi, Panzer Leader, ta fito shekara guda bayan nan, kuma ta zama abin karatu a makarantun horar da hafsoshi na ƙasashe da dama.

A cikinsa Guderian ya nuna kansa a matsayin ƙwararren soja wanda babu ruwansa da siyasa. Nasarori nasa ne, kurakurai kuwa na Hitler ne.

Bai tsaya kan cewa Hitler ya ba shi kyautar wata katafariyar gona a yankin Poland da aka mamaye ba. Haka kuma yana cikin kwamitin da ya kori hafsoshin da ake zargi da hannu a yunƙurin kashe Hitler na watan Yulin 1944, abin da ya ba da damar miƙa su ga kotun da ta yanke wa da yawansu hukuncin rataya.

Akwai ma wani sakin layi a fassarar Ingilishi da ke yaba wa masanin soja na Birtaniya, Basil Liddell Hart, a matsayin wanda Guderian ya koyi dabara daga gare shi. Babu shi a bugun Jamusanci, kuma daga baya wasiƙun da suka yi musaya sun nuna cewa Liddell Hart ne ya nemi a saka.

Yanayin Yaƙin Cacar Baka ya taimaka wa wannan wanki. Rundunar sojan Amurka, wadda ke shirin yiwuwar karawa da Tarayyar Sobiyet, ta ɗauki ɗaruruwan tsofaffin hafsoshin Jamus ƙarƙashin Janar Franz Halder su rubuta mata yadda suka yaƙi Rashawa. Takardun Sobiyet kuwa suna kulle. Ta haka ne ya zamana cewa wanda aka ci da yaƙi shi ne ya rubuta wa ƙasashen Yamma tarihin yaƙin gabas.

Paul Carell, wanda littattafansa kan yaƙin hamada da na Rasha suka yi kasuwa matuƙa daga ƙarshen shekarun 1950, sunansa na gaskiya Paul Karl Schmidt, kuma shi ne kakakin ma'aikatar harkokin wajen gwamnatin Nazi, yana kuma da muƙami a ƙungiyar SS.

Abin da ba a samu a irin waɗannan littattafai shi ne ƙauyukan da aka ƙona, da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a bayan tankokin, da fursunonin yaƙin Sobiyet kimanin miliyan uku da suka mutu a hannun sojan Jamus. Ronald Smelser da Edward Davies sun bi diddigin yadda aka gina wannan tatsuniya a littafinsu The Myth of the Eastern Front na 2008.

A matakin ƙananan hafsoshi, Otto Carius ne ya fi suna, da littafinsa na 1960 da aka fassara Tigers in the Mud. Yana da amfani ga mai son sanin yadda ake sarrafa tankar Tiger a cikin taɓo da ƙanƙara. An danganta masa lalata tankoki sama da 150, sai dai ita kanta hedkwatar sojan Jamus takan zabtare irin waɗannan alƙaluma, wani lokaci har da rabi, kafin ta yi lissafi da su. Bayan yaƙi Carius ya buɗe kantin magani ya sa masa sunan Tiger, ya rasu a 2015.

Shi kuwa Sven Hassel, ɗan ƙasar Denmak wanda aka sayar da miliyoyin littattafansa tun daga 1953, masana tarihi suna ɗaukar su a matsayin ƙagaggun labarai, duk da cewa ya ce abin da ya gani ne.

Ɓangaren Sobiyet

A Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa mutane kimanin miliyan 27, hukuma ce ke tace abin da za a buga.

Misali mafi girma shi ne karon da aka yi a Prokhorovka ranar 12 ga watan Yulin 1943, lokacin yaƙin Kursk. Janar Pavel Rotmistrov, kwamandan tankokin Sobiyet a wurin, ya bayyana shi a rubuce-rubucensa a matsayin gagarumar nasara da aka ragargaza ɗaruruwan tankokin Jamus, kuma haka aka yi ta maimaitawa a littattafan Gabas da na Yamma.

Da aka buɗe ma'ajiyar takardu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sai labari ya sha bamban. Valeriy Zamulin, wanda ya yi aiki a gidan tarihin Prokhorovka, yana cikin waɗanda suka nuna cewa Rotmistrov ne ya rasa tankoki sama da 200, asarar Jamusawa kuma ba ta kama ƙafar wannan ba. Stalin ma ya kafa kwamitin bincike a kan asarar. Jamus dai ta sha kashi a yaƙin Kursk baki ɗaya, amma ba ta hanyar da aka faɗa ba.

Abin lura shi ne, a wannan ɓangare ƙagaggen labari ya riga tarihin hukuma faɗin gaskiya.

Vasily Grossman, wanda ya yi wa jaridar sojan Sobiyet aikin wakili a Stalingrad, ya sanya wani kwamandan tankoki mai suna Kanar Novikov a cikin babban littafinsa, Life and Fate. A ranar da za a kai farmakin zagaye Jamusawa, Novikov ya jinkirta fitar tankokinsa da minti takwas, duk da matsin lamba daga sama, har sai manyan bindigogi sun gama da igwogin da za su hallaka mutanensa. Farmakin ya yi nasara. Jami'in jam'iyya da ke tare da shi ya rungume shi, sannan ya koma ya rubuta rahoton ƙararsa.

Jami'an KGB sun ƙwace rubutun littafin a 1961. Grossman ya rasu a 1964 bai ga an buga shi ba. An yi fasa-ƙwaurinsa zuwa waje aka wallafa a Siwizalan a 1980, bai kuma fito a gida ba sai 1988.

Svetlana Alexievich ta ƙasar Belarus, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015, ta tattara muryoyin ɗaruruwan matan da suka yi yaƙin a littafinta na 1985, The Unwomanly Face of War. Daga ciki akwai 'yan mata masu aikin jinya da ke maƙalewa a bayan tankoki, domin babu wurinsu a ciki, kuma aikinsu shi ne jawo mazan da suka fi su nauyi daga tankar da ke ci da wuta.

Daga shekarun 2000 kuma Artem Drabkin ya wallafa hirarrakin da aka yi da tsofaffin mayaƙan tankar T-34. Su ne suka faɗi abin da littattafan hukuma suka tsallake, kamar yadda tankokin farko da yawa ba su da rediyo sai dai a yi ishara da tuta, da yadda kwamanda ke haɗa aikinsa da na mai saita igwa.

Yaƙin watan Ramadan

A ranar 6 ga watan Oktoban 1973, wadda ta zo daidai da 10 ga Ramadan da kuma ranar Yom Kippur ta Yahudawa, Masar da Siriya suka kai farmaki domin ƙwato Sinai da Tuddan Golan da Isra'ila ta mamaye a 1967. An yi karon tankoki mafi girma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Avigdor Kahalani, kwamandan bataliya ta 77 ta Isra'ila, ya ba da labarin kwanaki huɗun da 'yan tankokinsa suka yi suna tare ɗaruruwan tankokin Siriya a Golan, a littafin da aka fassara The Heights of Courage. Haim Sabato, malamin addinin Yahudu haifaffen Alƙahira wanda ya yi aikin saita igwa a yaƙin, ya rubuta ƙagaggen labari, Adjusting Sights, a 1999, kan wani matashi da ke neman sanin abin da ya sami abokinsa na yarinta.

Daga ɓangaren Larabawa, littafin da ya fi muhimmanci ba na sojan cikin tanka ba ne, na babban hafsan sojojin Masar ne, Janar Saad al-Shazly, wanda ya fito da Ingilishi a 1980 da suna The Crossing of the Suez.

Ya bayyana yadda aka yi amfani da famfunan ruwa masu ƙarfi aka rusa tudun yashin da Isra'ila ta gina a bakin mashigin Suwez, da yadda sojan ƙasa ɗauke da makamai masu linzami suka lalata tankokin Isra'ila masu yawa a kwanakin farko. Ya kuma zargi Shugaba Anwar Sadat da tilasta farmakin ranar 14 ga Oktoba, wanda ya fitar da tankokin Masar daga inuwar makaman kakkaɓo jirage, aka yi asarar kimanin 250 a yini guda.

Littafin ya jawo masa hukuncin ɗaurin shekaru uku a bayan idonsa bisa laifin tona asirin soja. Da ya koma gida daga gudun hijira a Aljeriya a 1992, an kai shi kurkuku. Ya rasu ranar 10 ga watan Fabrairun 2011, kwana guda kafin Hosni Mubarak ya sauka daga mulki.

Shazly ma yana da nasa ɓangaren da yake karewa, domin shi da Sadat kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Amma babban giɓin shi ne na fassara: mai karatu da Ingilishi ko Faransanci zai samu labarin Golan daga cikin tankar Isra'ila cikin sauƙi, muryar ɗan tankar Siriya da ke fuskantarta kuwa da wuya ya ci karo da ita.

Baƙar fata da tanka

Bataliya ta 761 ita ce rukunin tankoki na baƙaƙen fatar Amurka na farko da ya shiga daga, a watan Nuwamban 1944, kuma ta yi kwanaki 183 a jere tana fafatawa. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ba ta lambar yabo ta shugaban ƙasa, sannan sai a 1997 aka ba Saje Ruben Rivers, wanda aka kashe cikin tankarsa, lambar jarumta mafi girma ta ƙasar.

Shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kareem Abdul-Jabbar, tare da Anthony Walton, sun wallafa tarihinta a 2004 da suna Brothers in Arms, bayan da ya gano cewa wani abokin mahaifinsa da ya sani tun yana yaro yana cikin bataliyar.

Faransa ma tana da irin nata. Daga Chadi ne Janar Leclerc ya tashi da dakarun da akasarinsu 'yan Afirka ne, suka ratsa Sahara suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya a watan Maris na 1941. Amma da aka mayar da rundunarsa ta tankoki a 1943, aka ba ta kayan Amurka, sai aka cire baƙaƙen fatar. Rundunar da ta shiga birnin Paris a watan Agustan 1944 tana ɗauke da sunan Chadi a ɗaya daga cikin rukunoninta, ba tare da mutanen da suka faro tafiyar ba.

Dubban 'yan Najeriya da na Gana da aka kai Bama a runduna ta 81 da ta 82 sojan ƙasa ne, kuma da ka suka ɗauki kaya a dazuzzukan da mota ba ta shiga. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, ya wallafa Burma Boy a 2007, labarin wani yaro mai jin Hausa, Ali Banana, da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Barnaby Phillips kuma ya ba da labarin Isaac Fadoyebo, wanda wani iyalin Musulmi a yankin Arakan suka ɓoye bayan an raunata shi, a littafin Another Man's War na 2014.

A 1987 dakarun Chadi a motocin a-kori-kura ƙirar Toyota, ɗauke da makaman da Faransa ta ba su, sun lalata tare da kama tankokin Libiya masu yawa a Fada da Wadi Doum. Labarin ya fi zuwa ne daga alƙalamin masu nazari na waje, irin su Kenneth Pollack a littafinsa Arabs at War na 2002.

Wanda harsashi ya samu

Kaɗan ne daga cikin littattafan suka bi sawun harsashi har inda ya faɗa.

Spearhead na Adam Makos, wanda ya fito a 2019, yana cikinsu. Clarence Smoyer shi ne mai saita igwar tankar Amurka da ta harbe wata tankar Jamus a gaban babbar majami'ar birnin Kolon ranar 6 ga watan Maris na 1945, kuma wani mai ɗaukar hoto na soja ya naɗi abin a fim.

A wannan rana wata ƙaramar mota ta ratsa tsakanin tankarsa da wata ta Jamus, duka biyun suka buɗe wuta, wata budurwa da ke ciki ta mutu. Smoyer ya shafe shekaru yana zargin kansa. A 2013 ya koma Kolon ya sadu da Gustav Schaefer, wanda ke riƙe da mashinga a tankar Jamus ɗin, ya tarar shi ma da irin wannan zargi yake rayuwa. Tare suka ziyarci kabarinta.

David Zucchino, ɗan jaridar Amurka, ya rubuta Thunder Run a 2004 kan yadda tankokin Amurka suka kutsa tsakiyar Bagadaza a ranakun 5 da 7 ga watan Afrilun 2003. Ya kawo bayanin sojojin da suka harba igwa kan otal ɗin Palestine ranar 8 ga watan, inda suka ce sun ɗauka mai leƙen asiri suka hango a baranda. Masu ɗaukar hoto biyu ne suka mutu, Taras Protsyuk na kamfanin Reuters da José Couso na gidan talabijin ɗin Telecinco na ƙasar Sifen. Akasarin shaidun da ke littafin na Amurkawa ne, 'yan Iraƙi kuwa sun fi fitowa a matsayin abin da ake hange ta madubi.

Tun bayan da Rasha ta ƙaddamar da cikakken mamaye a kan Ukraine a watan Fabrairun 2022, ƙananan jirage marasa matuƙa suka zama babbar barazana ga tankoki, har ɓangarorin biyu suna walda musu rumfunan ƙarfe a sama. Jiragen suna ɗaukar hoton abin da suka harba, kuma bidiyon kan bazu a intanet cikin sa'o'i, daga sama, inda ake ganin duk abin da na cikin tankar bai gani ba.

Littattafan waɗanda ke ciki kan ɗauki lokaci kafin su fito. Ken Tout ya yi shekaru 41 kafin ya wallafa nasa, Belton Cooper 53, shi kuwa David Render, wanda ya jagoranci tankoki a rundunar da Keith Douglas ya mutu a cikinta, sai a 2016 littafinsa Tank Action ya fito.